Maigida Lamba Huɗu

Har gobe a Tabotaki, in mutum ya karɓi saƙon da ba nasa ba, sai ka ji an ce masa, "Kai, lamba huɗu!" a kwashe da dariya. Baƙo ba ya gane inda aka dosa. To ku matso ku ji mafarin abin, don ba a kan kowa aka fara shi ba sai a kan Mushe Shadrak (Mushe wato Malam a bakin masu Faransanci), mai ordinata.

Shekara tara Shadrak ya yi yana jera katin marasa lafiya a biro, wato ofishin wani asibitin mishan can wajen Madawa. A biron akwai ordinata, wato na'urar nan mai gilashi kamar talabijin, kuma aikinsa da ita bai wuce ya goge mata ƙura da safe ya lulluɓe ta da la'asar ba. Amma in ka ji shi yana ba da labari a bakin majami'a ranar Lahadi, sai ka rantse shi ya ƙera ta. A shekarar 1996 wani likita da zai koma ƙasarsu ya bar masa wata tsohuwar ordinata, haɗe da injin buga takarda. Ya koya masa abu huɗu: kunnawa, rubutawa, adanawa, bugawa. Shi ke nan, Shadrak ya zama injiniya, ya sayi tabarau alhali idonsa lafiya lau.

Tun daga ranar gidansa bai ƙara hutawa ba. Mai mura ba ya shiga ɗaki, wai na'ura tana ɗaukar cuta. Kaza ta leƙo, ya ce leƙen asiri take yi. Matarsa Dinatu ta tambaye shi abin da za a dafa, sai ya ce ta rage murya, bango ba shi da kalmar sirri.

"Mutanenmu ba su san sirri ba," in ji shi. "Ka yi tari a Buza, a yi maka sannu a Keita! Amma wagga aba, in na kulle magana cikinta, ko zandarma goma ba su buɗe ta. Nan da shekara ta dubu biyu ko gaisuwa ba a ƙara yi da baki."

"To Baban Ƙauna," in ji Dinatu, "kahin shekara dubu biyun, tuwo ko ɗanwake?"

Dabara ta faɗo masa bayan an gama yankan gero. A Tabotaki, da kaka ta wuce, maza sai su watse bida, wato ci-rani, yawancinsu Abijan wajen cinikin albasa, gari ya rage sai mata da tsofaffi. Macen da ke da magana ga mijinta sai ta je wurin Malam Iro, dattijon da ya shekara talatin yana rubuta wasiƙa a kan tabarma, gindin gawon kasuwa. Shadrak ya ga wannan abin takaici ne: sirrin aure a fili, awaki na wucewa! Ya ba da ɗan babur ɗinsa mobilet aka ba shi gurup, wato injin ba da wuta, ya ɗora kaya da Dinatu a amalanke, sai Tabotaki.

Maigari ya saurare shi a zaure, Malam Iro na gefe yana ɓare goro. Maigari ya ce rumfa akwai, amma maganar mata da mazansu ba abin wasa ba ce. Nan fa Shadrak ya miƙe, ya gyara tabarau, ya buga ƙirji.

"Ranka shi daɗe, ga alkawari gaban shaidu. In magana guda ta hita daga cikin wagga na'ura ta je kunnen da ba nata ba, ni da kaina zan aza ta bisa kai, in zaga kasuwa sau uku, in bar garinku."

Dinatu ta taka masa ƙafa, bai ji ba.

"Ɗana," in ji Malam Iro, "an ce ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba. Ita abar taka tana da ciki?"

"Cikinta na cin wasiƙa dubu goma, Malam!"

"To Allah shi sa kar ta yi amai."

Ranar kasuwa Shadrak ya kewaye rumfarsa da zana uku, ya rataya buhu a ƙofa, ya ajiye gurup a bayan kujerarsa. Mata suka yi layi, rabi don wasiƙa, rabi don kallo. Ta fari ta shiga ta zauna, shi kuwa ya ɗaga yatsu biyu sama kamar mai shirin tsinke kaza.

"Sunan mijinki?"

Matar ta ja mayafi ta rufe baki. "Maigida."

"Na sani maigida na. Mi a sunanai?"

"Baban yara."

"Suna, baiwar Allah! Na'ura suna taka so!"

"Ni in kama sunanai da bakina? Mushe, a gidanku ba a yi maka hankali ba?"

Ta biyu ta ce "Shi." Ta uku ta ce "Wancan mutum," ta ƙara da cewa in na'urar ba ta da kunya ita tana da ita. Malam Iro bai taɓa tambayar wannan ba, don ya san auren kowa a garin, wasu ma shi ya ɗaura. Shadrak ya leƙa bayan rumfa inda Dinatu ke tuyar ƙosai, ya ce wannan ƙauyanci ne tsantsa.

"Shekara goma sha biyu muna tare," in ji Dinatu, "ka taɓa jin na ce Shadrak?"

Ya lissafa a zuci ya ga gaskiya ce, bai taɓa lura ba.

"Tahi ka tambayi Malam Iro," in ji ta, "ga shi can zaune."

"Ni? In kai ma kishiyar sana'a sirrin mutane? Ilimi na da hanyatai. Lamba za mu ba su."

Haka aka yi. A cikin na'ura ya adana Maigida ɗaya, Maigida biyu, Maigida uku. A wata 'yar takarda cikin aljihu kuma ya riƙa rubuta kamannin kowace mace a gaban lambarta. Wasiƙun kansu duk iri ɗaya suke farawa, "Zuwa ga Maigida," su ƙare da "Daga iyalinka." Suna ko ɗaya babu.

Ta huɗu ita ce Inna Hindatu mai daddawa, wadda ta ba sittin baya, bakinta kuwa ya fi daddawarta ƙarfi. Shadrak ya rubuta a takardar aljihu: huɗu, tsohuwa mai daddawa. Sai dai gurup ɗin nan, da ya ɗauki zafi, ƙararsa ta ninka, har zanan rumfa na rawa.

"Ce mishi kar shi yi gaugawar komowa!" in ji Inna Hindatu.

"Mi kinka ce, Inna?"

"Kar shi komo yanzu!"

"Ƙara ɗaga murya!"

Inna Hindatu ta cika ƙirji da iska. Daidai nan gurup ya yi tari biyu ya mutu, kasuwa ta yi tsit, sai muryarta kaɗai ta tashi har bakin mahauta:

"TUN DA YA TAHI NIKA BARCI LAHIYA, BABU MINSHARI!"

Wayyo dariya! Masu albasa suka riƙe ciki, wani mai raƙumi ya kusa faɗowa. Malam Iro ya ɗago kai daga tabarmarsa.

"Ɗana, in kawo maka gammo?"

"Ba daga na'ura ta hita ba!" Shadrak ya fito yana zufa. "Daga bakinta ta hita! Ku tuna alkawari, na ce daga cikin na'ura!"

Mutane suka ce to, da gaskiyarsa, a bar shi ya ƙara gaba, don ba su ƙoshi da kallo ba.

Ya ja gurup ya kai shi can bayan rumfar masu gishiri, ya haɗa waya da waya har ta iso. Yanzu rumfa shiru, ana iya raɗa. Inna Hindatu ta sake faro wasiƙarta daga gaisuwa. Ta kai tsakiya ke nan, jakin wani mai itace ya zo wucewa, ƙafarsa ta sarƙe da waya, ya yi tsalle ya yi gaba da ita. Gilashi ya yi baƙi ƙirin. Da aka kamo jaki aka mayar da waya, wasiƙar Inna ta tafi inda ba a dawowa, don bai riga ya adana ta ba.

"Ina maganata?" in ji ta.

"Kin ga ƙarhin sirri ke nan, Inna. Ko ni ban iya ganinta."

"Sirrin uwaka! Bari in duba daddawata in komo, in ka sake ɓatar min da magana, kai da akwatin naka sai na haɗa ku na daka."

Tana fita sai ga wata yarinyar mace ta shigo sumumu, ta lulluɓe har ido da jan mayafi. Zaliha ce, matar Halidu, watansu takwas da aure, wata huɗu da tafiyarsa. Ta daɗe tana murza bakin zane kafin ta yi magana.

"Mushe, da gaske babu mai ji?"

"Ko sauro."

"Na kasa zuwa gun Malam Iro, ƙanen kakana na, kunya ba ta bari na." Ta matso ta yi ƙasa da murya har sai da ya karkato kunne. "Ka ce mishi Allah ya ba mu rabo. Ina ɗauke da ciki. Ko innata ban gaya ma ba. Shi nika so shi fara ji, kahin kowa. Ka ce shi komo kahin ruwa su sauka."

Cikin fari a wurinmu ba abin faɗa ba ne; mace ta gwammace ta ɓoye shi har ya tona kansa. Shadrak ya san haka, kuma gaskiya abin ya taɓa shi, don ba mugu ba ne, cika baki ne kawai ya yi masa yawa. Ya rubuta a hankali, ya ce mata ta kwantar da rai, maganarta ta shiga inda ko shi sai da kalmar sirri.

To ga inda gizo ya yi saƙa. A takardar aljihu ya ga huɗu tana kan tsohuwa, sai ya rubuta: biyar, amarya mai jan mayafi. Amma da ya zo adanawa ya dubi gilashi, ya ga ɗaya, biyu, uku, babu huɗu, tunda jaki ya tafi da ita. Sai ya danna Maigida huɗu a kan wasiƙar Zaliha. Da Inna Hindatu ta dawo, tata ta zama Maigida biyar. Takarda na faɗin wani abu, na'ura na faɗin wani, shi kuwa yana fito.

Da la'asar injin buga takarda ya yi ta kuka yana amayo wasiƙu. Shadrak ya ninke kowace da ido a rufe, wai ko shi bai kamata ya sake karantawa ba, ya sa a ambulan, ya liƙe, ya rubuta lamba a kusurwa. Ya nufi tasha wurin Isaka, direban babbar motar albasa mai zuwa Abijan.

"Suna hwa?" in ji Isaka. "Lamba zan bi ina kira kamar kurkuku?"

Shadrak ya zaro takardar aljihu, ya yi kamar hira yake. "Wai tsohuwar nan mai daddawa, wa a mijinta?"

"Baba Ango."

Ya rubuta Ango a kan huɗu. "Amaryar nan mai jan mayafi hwa?"

"Ta Halidu ta."

Ya rubuta Halidu a kan biyar. Ya koma gida yana gaya wa Dinatu yadda ya tatsi sunaye daga bakin direba ba tare da direba ya gane ba.

Mako biyu Shadrak ya yi yana shan iska. Ya ce wa mai shayi nan gaba na'ura za ta san yawan sukarin kowa. Ya ce wa wanzami kwanan askarsa ya ƙare. Ya wuce ta gindin gawo ya ce wa Malam Iro in ya gaji da alƙalami akwai aikin share ƙura a rumfarsa. Malam Iro ya ce ya gode, zai yi shawara.

Abin da Shadrak bai sa a lissafi ba shi ne, Baba Ango ba ya karatun boko, Halidu ma haka. A Abijan wasiƙa in ta zo, a rumfar 'yan albasa ake ba mai karatu, ya karanta da ƙarfi, kowa na sa baki.

Ranar kasuwa ta uku, rana ta take tsaka, sai ga motar Isaka ta shigo tana oda ba tsayawa. A saman buhuna ga Baba Ango, ɗan shekara saba'in, sanye da sabuwar shadda, ya shafa baƙin lalle a gemu, yana ɗaga wata 'yar hular jariri sama kamar tuta. A bayansa Halidu ne zaune, ya rame, fuska a murtuke, yana riƙe masa da igiyar wani ƙaton rago.

"Ina Hindatu?" Baba Ango ya yi kira tun kafin a sauke shi. "Kar a bari ta ɗauki kaya mai nauyi! Jama'a, ku taya ni murna, tsohon doki bai gaji ba!"

Kasuwa ta watse ta taru wuri guda. Inna Hindatu ta fito da ƙwaryar daddawa a kai.

"Kai kuma mi ya maido ka? Ba na ce ka zauna ba?"

"Sauke ƙwaryar nan, Hindatu, a halin da kike ciki!"

"Wane hali?"

"Rabon da Allah ya ba mu mana! Duk Abijan an sani, har walima munka yi!"

Inna Hindatu ta dube shi, ta dubi hular, ta dubi ragon. "Ciki? Ni? Autana na da ɗiya huɗu! Ango, rana ta buge ka ko wani abu ka sha?"

"Ga takarda! Da injin anka buga ta, injin kau ba ya ƙarya!"

Shadrak, da ya fito yana murmushi don ya karɓi yabo, ya haɗiye murmushinsa. Ya fara ja da baya a hankali, sai ya ji ya taka ƙafar maigari.

Halidu ya sauko da tasa takardar a hannu. "Ranka shi daɗe, ni ma a duba min. Wata takwas da aure, an ce kar in komo, an hi jin daɗin barci in ba ni nan, wai awakina sun hi ni natsuwa. Kwana huɗu a mota ban ci abin kirki ba. In laihi na yi, a gaya min."

"Wannan ai maganata ta!" in ji Inna Hindatu. "Da wanga tsoho nike!"

Maigari ya karɓi takardun biyu ya miƙa wa Malam Iro. Dattijon bai ko karanta su da ƙarfi ba. Ya duba, ya ninke, ya sauya hannu: ya ba Baba Ango ta Halidu, ya ba Halidu ta Baba Ango. Amma ina amfani? Kasuwa ba wawaye ba ce. Ido ɗari biyu suka juya lokaci guda suka sauka a kan jan mayafi, can bayan masu gishiri. Wata ta rangaɗa guɗa, wata ta ce ai dama ta ga alamar, uwar Halidu ta fara kuka tana dariya. Zaliha ta durƙushe ta rufe fuska da hannu biyu.

Halidu ya tsaya baki buɗe. "Wai... ni? Ni na riƙe ragon tun daga Abijan ina yi mishi barka!"

Baba Ango ya dubi hular nan ya daɗe. Sannan ya tura ta a hannun Halidu, ya ɗora masa igiyar rago. "Riƙe, yaro. Naka na. Ni dai lallen gemuna ya tahi banza."

"Ku tsaya, jama'a!" Shadrak ya ɗaga hannu, don bakinsa ba ya mutuwa. "A duba da idon basira. Wane alƙalami ya taɓa maido maza biyu daga Abijan cikin mako biyu? Kuma laihin jaki na, shi ya ci lamba huɗu!"

"Jakin ya yi alkawari gaban shaidu?" in ji maigari.

Aka sake fashewa da dariya. Shadrak ya shirya wata amsar, har ya gyara tabarau, sai ya ga Zaliha ta miƙe ta nufo shi. Mutane suka buɗa mata hanya. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma buɗe fuska sosai ba.

"Mushe, abu guda na roƙe ka. Na ce shi fara ji. Abijan ta ji, direba ya ji, masu gishiri sun ji. Shi na ƙarshe."

Ta juya ta tafi, Halidu ya bi ta da rago yana tuntuɓe.

Wannan karon Shadrak ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, har ya gwammace a ce duka aka yi masa. Ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya shiga rumfa, ya fito rungume da ordinata. Dinatu ta kwance ɗankwalinta ta naɗa masa gammo, ta taya shi azawa.

Zagaye na fari yana tafe mahauta na buga masa wuƙaƙe. A na biyu Inna Hindatu ta bi shi tana tambaya ko akwatin ya san sunan maigidansa. A na uku wuyansa ya sage, zufa ta rufe masa ido, ya zo daidai gindin gawo ya tsaya yana haki. Malam Iro ya matsa gefe ya bar masa rabin tabarma.

"Sauke ka sha ruwa, ɗana."

"Malam," in ji Shadrak a hankali, "shekara talatin, a hili, awaki na wucewa. Ƙaƙa ka yi magana ba ta taɓa hita ba?"

"Ni na san masu ita," in ji Malam Iro. "Kuma ban da gurup."

Dinatu ta riga ta ɗaure kaya a amalanke, ta zo ta tsaya a kansa da igiya a hannu.

"Tashi mu tahi, Shadrak," in ji ta.

Ya ɗago kai a firgice. Shekara goma sha biyu, sai yau ta kama sunansa, kuma a tsakiyar kasuwa.